Daga Sayen Fom Zuwa Kujerar Darakta: Jawabi Kan Aikin Nas da Ungozoma

Shugabannin mata na ƙananan hukumomi da na mazaɓu, ga jawabin da uwarmu, tsohuwar metiron, ta gabatar a zamanmu na ƙarshen wata. An rubuto shi yadda ta faɗa saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Yana da ɗan tsawo, amma don Allah a daure a karanta har ƙarshe, sannan a tura wa duk mai 'ya a sakandare.

*

Iyayena, yayyena da ƙannena, barkanmu da war haka. Ina gaishe da Hajiya shugaba, ina gaishe da kowa da kowa. Da fatan kun baro gida lafiya.

An ce in yi magana a kan aikin jinya, wato aikin nas da ungozoma, da irin gaban da mace za ta ci a cikinsa. Shekara 35 na yi ina sa farin kaya kafin in ajiye, saboda haka abin da zan faɗa muku ba ji na yi ba, gani na yi. Amma bari in fara da abin da ya sa na amsa wannan gayyata.

Bara, bayan an tashi daga wani taro irin wannan, wata baiwar Allah ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ciro wata leda daga cikin hijabinta ta ce, "Hajiya, takardun 'yata ne, ta gama karatun nas, a taimaka a sama mata aikin gwamnati." Na karɓa na juya takardar gaba da baya. Ga hoton yarinya da farar hula, ga tambari ja, ga sa hannu. Na ce mata, "Ta zana jarabawar hukuma?" Ta ce, "Wace hukuma?" Wallahi nan take jikina ya yi sanyi. Matar nan tumakinta ta sayar, ta haɗa da kwasar adashinta, shekara biyu tana biya wa yarinya kuɗin wata makaranta da aka buɗe a gidan haya. Takardar da aka ba ta, babu asibitin gwamnatin da zai kalle ta sau biyu. Sai da na ja ta gefe muka zauna kafin na iya gaya mata. Ta yi shiru, can ta ce, "To ni yanzu me zan ce wa babanta?"

Ba na so wata a cikinku ta sake tsayawa a wannan matsayi. Aikin jinya tsani ne mai matakai da yawa, mace tana iya hawa tun daga ɗakin haihuwa na ƙauye har kujerar darakta a ma'aikatar lafiya. Amma fa sai matakin farko ya zama na gaske, sannan kuma kada a hau ɗaya a zauna a ce an iso.

*Da farko, mu san wace ce nas*

A wurinmu duk wadda ta sa farin kaya ta riƙe allura, sunanta nas. A wurin doka ba haka ba ne. Akwai hukuma guda ɗaya a Abuja, Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda ake taƙaita sunanta da NMCN. Dokar da ta haɗe ta wuri ɗaya ta fito a 1979. Ita ke amincewa da makaranta, ita ke shirya jarabawar ƙarshe, ita ke ba da lasisi. Wadda ta ci jarabawar jinya ana rubuta mata RN, wadda ta ci ta ungozoma ana rubuta mata RM. Wadda ba ta da lasisin wannan hukuma, ko ta shekara goma tana ɗaura ruwa a asibitin kuɗi, ba nas ba ce a idon gwamnati.

Akwai kuma 'yan makarantar koyon kiwon lafiya a matakin farko, waɗanda ake ce wa CHEW da JCHEW. Su ma ma'aikatan lafiya ne na halak, su ne ke riƙe mana ƙananan asibitocin karkara, kuma suna da tasu hukumar daban da tasu jarabawar. Aiki ne mai daraja, sai dai hanyarsa daban, tsaninsa daban. Kada a sayi fom ɗin wannan ana zaton wancan ne.

Sai na uku, wadda ake ce wa ogzilari, wato yarinyar da aka koya wa aiki da ka a asibitin kuɗi ko a kemis. Wannan babu hukumar da ta san da ita. Ranar da aka samu kuskure wani ya rasa ransa, ita za a fara miƙa wa 'yan sanda.

*Ƙofofin shiga*

Komai daga sakandare yake farawa. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji, kuma a zama ɗaya ko biyu, kada ya wuce haka. Kun ji dalilin da ya sa nake cewa maganar nan ta mai 'ya a aji uku na ƙaramar sakandare ce. A nan ake raba yara, wasu ajin kimiyya, wasu ajin adabi, wasu kasuwanci. Idan 'yarki ta shiga ajin da ba a Fiziks da Kimistiri, an rufe mata wannan ƙofa tun tana 'yar shekara goma sha huɗu, ke kuma ba ki ma san an yi ba. Ki je makarantar da ƙafarki ki tambaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

In kiredit ya cika, ga hanyoyin.

Ta farko, makarantar jinya ko ta ungozoma ta shekara uku, irin wadda muka yi. A gama a zana jarabawar hukuma a fito da RN ko RM.

Ta biyu, sabon tsarin da makarantu da yawa suka koma, wato kwalejin kimiyyar jinya mai ba da ND da HND. Shekara huɗu ne, ta JAMB ake shiga, a ciki ake zana jarabawar hukuma, a fito da lasisi da babbar difloma, kuma a je bautar ƙasa.

Ta uku, jami'a. Shekara biyar ne a samu digirin da ake kira BNSc, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a babban asibiti, ana biya, sai bautar ƙasa. Jami'ar Ibadan ce ta fara wannan digiri a 1965, amma yau ba sai an je kudu ba. Akwai shi a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, da Bayero a Kano, da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri.

Ta huɗu, wadda nake so matan karkara su buɗe kunne: ungozomar al'umma da nas ta al'umma, shekara biyu. An tsara ta ne don a ɗauko yarinya daga ƙauyensu, a koyar da ita, ta koma ta yi wa mutanenta aiki. Hukuma ce ke ba ta lasisi, kuma daga baya tana iya komawa makaranta ta cike.

Wata za ta ce, to 'yata kiredit uku ta samu. Ba a rufe littafi ba. A sake saya mata jarabawa, a nema mata malamin darasi. Daga 2012 zuwa 2020 an yi wani shiri da tallafin Birtaniya mai suna Women for Health a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, daga baya aka ƙara Borno. Abin da ya yi shi ne ɗauko 'yan matan karkara, har da matan aure masu goyo, a ba su shekarar share fage su gyara sakamakonsu, sannan su shiga makarantar jinya ko ungozoma. An ga amfaninsa. Wannan ya nuna mana ba ƙwaƙwalwa yaranmu suka rasa ba, mai riƙe musu hannu suka rasa.

*Kafin ki biya ko sisi*

Tambaya uku za ki yi, ki rubuta su a bayan hannunki in ta kama.

Ɗaya: sunan makarantar yana cikin jerin waɗanda hukumar NMCN ta amince da su? Jerin yana shafinta na intanet, ki sa yaro ya duba miki a waya. Kada ki yarda da "muna kan hanya, an kusa ba mu." Mai kan hanya bai iso ba.

Biyu: ɗalibai nawa hukuma ta yarje musu su ɗauka, kuma nawa suka ɗauka? Kowace makaranta akwai adadin da aka yanka mata. Bayan watannin farko na gwaji, waɗanda muke ce wa PTS, ana tura sunayen waɗanda suka tsallake hukuma ta yi musu rajista ta ba su lamba. Wadda ba ta samu wannan lamba ba, ko ta gama shekarunta cif, ba za ta zauna jarabawar ƙarshe ba. Saboda haka ko makaranta mai izini ce, idan ta cika aji ya yi maƙil fiye da ƙima, ki yi hattara.

Uku: a wane asibiti ɗalibai ke koyon aiki? Ki je ki gani. Ba a koyon karɓar haihuwa a kan allo.

Wanda ya ce ki kawo kuɗi a bayan fage zai sama wa 'yarki gurbi, ki ce masa Allah ya ba da sa'a. Araha ba ta ado, gajeriyar hanya kuma a wannan aiki rami take kaiwa.

*An samu lasisi, sai me?*

Nan ne yawancinmu muke kwanciya. Yarinya ta samu RN, an ɗauke ta aiki, albashi ya fara shigowa, an yi biki, shi ke nan. Bayan shekara ashirin ka same ta inda ka bar ta, yaran da ta koya wa ɗaura ruwa sun dawo su ne shugabanninta. Ni kaina sai da na shekara tara a wuri ɗaya kafin wata tsohuwar sista ta kira ni ofishinta ta ce, "Ke, nan za ki tsufa?" Ita ta ciko min fom da hannunta. Allah ya jiƙanta.

Mataki na gaba shi ne takarda ta biyu. Mai RN ta koma ta yi ungozoma, wata 18 ne. Mai RM ta koma ta yi jinya, shi ma wata 18. Mai riƙe da biyun nan, ba ta rasa wurin aiki a ko'ina a ƙasar nan.

Daga nan sai ƙwarewa a fanni guda. Kwasa-kwasai ne na shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma da yawansu a nan arewa suke. Mai son aikin ƙashi da karaya, ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Mai son aikin ido, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Kunne da hanci da maƙogwaro, akwai cibiyarsu ta ƙasa ita ma a Kaduna. Lafiyar ƙwaƙwalwa, ga asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna, ga na Kware a Sakkwato. Aikin ɗakin tiyata, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai fannin yara da jarirai bakwaini, akwai na wankin ƙoda, akwai na ba da maganin barci lokacin tiyata, akwai na ɗakin gobe da nisa inda ake kwantar da masu jin jiki sosai, akwai na haɗari da gaggawa, akwai na lafiyar al'umma.

Ku duba da kyau. A asibitoci da yawa na ƙananan hukumomi, in za a yi wa mace fiɗa a ciro jariri, nas ce ke sa ta barci ta tsare numfashinta har a gama. In babu ita, likita yana nan, wuƙa tana nan, amma sai dai a sa mace a mota a nufi birni. Wasu a hanya suke cikawa. Kun ga kenan kwas ɗin shekara ɗaya da rabi da yarinya ɗaya za ta yi, garinku gaba ɗaya ne zai ci moriyarsa.

*Maganar digiri da ƙarin girma*

A aikin gwamnati akwai matakai. Ana farawa daga ƙaramar jami'ar jinya, a zama babba, a zama mataimakiyar shugaba, a zama shugabar ma'aikatan jinya, wadda muke ce wa cif. Sama da nan akwai mataimakiyar darakta, da muƙaddashiyar darakta, da darakta. A tsarin aikin tarayya, waɗannan kujeru na sama na masu digiri ne. Komai iya aikinki, in babu digiri akwai inda za ki kai ki tsaya.

To mai RN da ta riga ta yi aure ta haihu fa? Ba sai ta koma aji ɗaya ba. Jami'o'i suna ɗaukar mai RN kai tsaye ta fara daga aji biyu. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wato NOUN, ita ma tana da digirin jinya na waɗanda suka riga suka samu lasisi, kina aikinki kina karatunki. In an tabbatar da ke a aiki, kina da damar neman hutun ƙaro karatu da albashinki, sai dai ki sa hannu cewa za ki dawo ki yi musu aiki na wasu shekaru. Ki nema a rubuce, ki ajiye kwafi, ki bi sawun fayil ɗinki. Ba roƙo kike ba, tsarin aiki ne.

Bayan digirin farko akwai na biyu, akwai na uku. Yau muna da nas masu digirin dakta, muna da farfesoshi a fannin jinya. Akwai kuma kwalejin ƙwararrun ma'aikatan jinya da ungozoma ta Afirka ta Yamma, inda manya ke zama mambobi bayan sun ƙware.

Wani abu kuma da ake sakaci da shi: lasisi ba na har abada ba ne. Duk shekara uku ake sabunta shi, kuma sai an halarci bitar ƙara ilimi ta dole kafin a sabunta. Na ga wadda aka kira ta aiki mai tsoka, aka duba aka ga lasisinta ya mutu tun shekara huɗu, aka ba ta baya.

*Ba a gefen gado kaɗai ake aikin ba*

Wata za ta ce ita ba za ta iya kwanan asibiti har tsufa ba. To ai rassan suna da yawa. Akwai koyarwa: makarantun jinyarmu suna kukan ƙarancin malamai mata, kuma yawan malamai yana cikin abin da hukuma ke dubawa kafin ta ƙara wa makaranta yawan ɗalibai. Mai digiri da ta haɗa da takardar koyarwa, ga aji yana jiran ta, kuma iyaye sun fi sakin jiki su tura 'ya'yansu inda suka san mata ne ke koyarwa. Akwai aikin rigakafi da awon ciki a hukumar lafiya matakin farko. Akwai asibitocin makarantun kwana da na kamfanoni, inda yawanci da rana ake aiki. Akwai aikin soja da na sauran masu kaki, mai digiri da muƙamin hafsa take shiga. Akwai ƙungiyoyin agaji, kamar likitocin nan na MSF da suka daɗe suna aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari a Jahun ta Jigawa. Akwai tawagar lafiya da ke raka alhazai. Ungozomar da ta cika shekarun gogewa da jiharta ta gindaya kuma tana iya neman izini ta buɗe nata gidan haihuwa, ta ɗauki wasu aiki.

Tunda a taron siyasa muke, bari in ba ku misali ɗaya. Kofoworola Pratt, 'yar Legas, malamar makaranta ce, tana matar aure ta fara karatun jinya a Landan a 1946. Ta dawo gida ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta riƙe kujerar shugabar ma'aikatan jinya ta ƙasa, daga baya aka naɗa ta kwamishinar lafiya ta Jihar Legas. Daga gefen gado zuwa majalisar zartarwa. Me zai hana tamu?

*Masu son fita waje*

Na san wasu abin da suke jira in taɓo kenan. Gaskiya ne Ingila da Amurka da Saudiyya suna ɗaukar nas ɗinmu, kuma kuɗin ba ɗaya ba ne. Ba zan ce kada a je ba. Amma a san hanya. Ingila sai an ci jarabawar Turanci, IELTS ko OET, sai jarabawar kwamfuta, sai ta gwajin aiki da hannu in an isa can. Amurka tana da tata mai suna NCLEX. Saudiyya ma tana tantance takardu kuma tana da jarabawarta. Duk inda za a je, sai hukumarmu ta nan ta tabbatar musu da lasisin. A 2024 hukumar ta fitar da sharaɗin sai an yi shekara biyu ana aiki kafin ta tantance wa mutum takardu, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Irin waɗannan ƙa'idoji suna canzawa, saboda haka daga bakin hukuma za a ji, ba daga bakin dillali ba.

Ku kuma san wannan: Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, don haka ƙa'idar Ingila ta hana dillalai zuwa farautar ma'aikata a nan. Mutum da kansa yake nema. Duk wanda ya zo ya ce shi wakilin asibitocin gwamnatin Ingila ne, a kawo miliyoyi, a bincike shi da kyau. A 2023 hukumar jinya ta Ingila ta gano maguɗi a wata cibiyar jarabawa a Ibadan, abin ya shafi ɗaruruwan mutane, har da waɗanda suka riga suka fara aiki a can. Kun ga tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

*Wahalar da ke ciki*

Ba zan yi muku zaƙin baki ba. Akwai aikin dare. Akwai ranar sallah da kowa ke gida ke kina asibiti. Akwai jini, akwai wari, akwai ranar da za ki rufe wa yaro ido ki fito ki gaya wa uwarsa. Akwai lokacin da nas ɗaya za ta kwana da ɗaki guda cike da marasa lafiya, ga albashi bai taka kara ya karya ba, musamman a jihohi da ƙananan hukumomi. Wadda za ta shiga don farin kaya da hoto, gara ta nemi wani abin.

Mu ma ma'aikatan muna da namu laifin. Mata nawa ne suka ƙi zuwa asibiti haihuwa saboda tsawar da aka daka musu a haihuwar fari? Duk takardun da na lissafa, in babu tausayi da iya magana, ba su cika ba. Ku gaya wa 'ya'yanku haka tun daga gida.

Sai maganar maigida. Yawancin waɗanda na ga sun bar aikin nan, ba jarabawa ce ta kayar da su ba, rashin yin magana tun farko ne. In yarinya tana karatu aka zo neman aurenta, waliyyai su faɗa a fili tun kafin a sa rana: za ta ƙarasa, za ta yi aiki, kuma aikin akwai kwana. Wanda ya amince ya amince da saninsa. Wanda kuma yake ganin aikin bai dace da 'ya mace ba, a tuna masa da Rufaida al-Aslamiyya, wadda ta kafa tantinta a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, har aka kai mata Sa'adu bin Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. A kuma tambaye shi cikin ladabi: ranar da matarka za ta haihu, wa kake so ya karɓa? In ya ce mace, to 'yar wa?

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a duk haihuwa 100,000, mata 512 ne ke rasa ransu. Ya kuma nuna a shiyyar arewa maso yamma, cikin haihuwa 100, waɗanda ƙwararriyar ma'aikaciya ta karɓa ba su kai 20 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu wajen ciki da haihuwa a duniya, 'yan Najeriya ne. Zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda. Babu wadda ke zaune a nan da ba ta je gaisuwar irin wannan mutuwa ba. Wadda ta taɓa leƙa asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina kuwa, ba sai na yi mata bayani ba.

*Abin da nake roƙonku*

Mu ne muke shiga gida-gida, mun san kowane lungu. To mu yi amfani da wannan.

Kowace shugabar mazaɓa ta rubuto sunayen 'yan matan da suka gama sakandare da kiredit biyar ɗin nan suna zaune a gida, da waɗanda darasi ɗaya ko biyu ya riƙe. Ta kawo a zama mai zuwa.

In mun shiga wurin zaɓaɓɓunmu, kansila ne ko ciyaman ko ɗan majalisa, kafin a zo maganar atamfa da shinkafa, mu ajiye musu wannan takarda. Mu ce a saya wa waɗannan fom, a biya wa waɗancan kuɗin sake jarabawa, ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin biyu ko uku su yi ungozomar al'umma su dawo gida. Atamfa shekara ɗaya ta koɗe. Ungozoma ɗaya za ta shekara talatin tana karɓar jikokinmu.

A adashinmu ma, a ware kwasa ɗaya ta zama ta karatu. Kuɗin anko biyu ya isa fom.

Nas da ungozomomin da ke cikinmu kuma, kowacce ta riƙe yarinya ɗaya, kamar yadda waccan sista ta riƙe ni. Wadda ta shekara biyar ba ta ƙara ko takarda ɗaya ba, ina jiran ta bayan an tashi, mu zauna mu duba wane fom ne ya dace da ita.

Ita kuwa yarinyar da na fara ba ku labari, da muka duba sakamakonta na sakandare sai muka tarar Kimistiri kaɗai ta rasa. Ta sake zama ta samu. Yanzu haka tana shekarar farko a makarantar da hukuma ta sani, kuma da idona na ga lambar rajistarta. Shekara biyu da tumaki sun tafi, ba za su dawo ba, amma uwar ta samu abin da za ta ce wa babanta.

Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ku yafe ni. Allah ya raya mana zuri'a, ya sauki masu ciki lafiya, ya mai da kowa gidanta lafiya. Na gode.

Wassalamu alaikum.

*

Shugabannin mazaɓu, a tuna da jerin sunayen da Hajiya ta nema, a zo da shi zama mai zuwa. Mai tambaya ta rubuto wa sakatariya, za a haɗa a kai mata. A tura wa sauran zaurukan mata.